Tsakuwar Kuza a Buhun Gahawa

Davou Chuwang da kunne yake aiki. Shekara goma sha biyar ke nan yana suyar gahawa a wani ƙaramin shago a arewa maso gabashin Washington, irin shagunan nan da ake rubuta sunan ƙauyen da aka noma gahawar a jikin jaka, masu saye su tsaya suna shinshinawa ido a rufe sai ka ce addu'a suke. Karatun injiniya ne ya kawo shi jami'ar College Park, kusa da Washington, daga Filato. Ya nemi aikin wucin gadi a shagon, ya ji ƙugin injin suya, shi ke nan, digirin yana cikin akwati har yau. Ƙanwarsa Constance, nas ce a garin Bowie da ke kusa, ba ta gajiya da yi masa tsiya: "Yaya, wai ka haye teku don ka yi suyar gyaɗa!"

Mai shagon, wani dogon Bature mai suna Alexander, ya sayo kwamfuta mai nuna zafin wuta da layuka ja da shuɗi. Davou ko kallo ba ta ishe shi ba. Sai dai ya kara kunne kusa da gangar injin, ya jira ƙwayoyin su fara fashewa, tas, tas, kamar gugguru, ya san lokacin juyewa ya yi. Idan an juye sun huce, akwai wani bututu da ke zuƙe ƙwayoyin sama da iska, duk abin da ya fi su nauyi ya faɗo cikin wani ɗan faranti na ƙarfe. Daga ƙarar faɗuwar kawai Davou ke sanin mene ne. Yana da kwalba a kan kanta da yake tara tsintuwarsa: ƙusa daga Habasha, maɓallin riga daga Kolombiya, ƙwayar masara, har da haƙorin wata akuya da bai san ƙasarta ba.

Mutum ne mai fara'a, amma akwai zance ɗaya da ba a yi da shi. Mahaifinsu, Baba Chuwang, yana da bishiyoyin gahawa arba'in da 'yan kai a bayan gida, a wani ƙauye can bayan Barikin Ladi. A damunar 2018 'yan bindiga suka shiga ƙauyen, kowa ya yi ta kansa, har yau ba wanda ya koma da zama. An binne waɗanda aka gani. Baba Chuwang ba a gan shi ba, ba rai ba gawa. Kowace shekara Constance sai ta ce a yi masa sujadar tunawa a cocinsu, a sa masa dutse a gefen kabarin Mama, kowace shekara kuma Davou sai ya ce a'a. "Wanda ban ga gawarsa ba, ba zan yi masa makoki ba," abin da yake faɗa ke nan. Fasto Joel na cocin nasu ya yi lallashi har ya gaji. Gaskiya Davou akwai taurin kai, amma wannan karon tsoro ne, ya san ranar da ya yarda, ranar Baba ya mutu.

A watan Afrilun bana wata 'yar kasuwa daga garin Springfield da ke kusa da su, Hajiya Sailuba, wadda ke shigo da zoɓo da citta, ta kawo wa shagon buhu ɗaya na gahawar Filato don a gwada. Alexander ya yi ta murna, bai taɓa sayar da ta Najeriya ba. Davou ya kwance bakin buhun, wani ƙamshi ya buge shi, hayaƙin itacen turare, irin wanda ke kama kaya idan an shanya su a saman murhu. Ƙamshin ɗakin girkin gidansu ke nan. Ya ce wa kansa ai rabin gidajen Filato da itacen turare ake girki, ya auni kilo goma sha biyu ya zuba a ganga.

Suyar ta zo da wani abu da bai taɓa ji ba. Gahawa takan fara fashewa ne ɗaya-ɗaya. Wannan ta yi shiru har ya fara zargin wutar, sannan ta fashe gaba ɗaya, sau ɗaya, kamar an tafa hannu a bayansa. Har ya waiwaya. Ba kowa a ɗakin, sai hasken safiya a kan buhuna.

Ya juye, ya kunna bututun. Can sai ya ji ƙwal! a faranti. Dutse na gama-gari ba ya yin irin wannan ƙarar, ƙusa ma haka. Ya leƙa. Wata 'yar tsakuwa ce baƙa wuluk, mai sheƙi, ba ta kai ƙwayar wake ba amma ta fi girmanta nauyi. Kuza ce.

Baba Chuwang ya yi aikin haƙar kuza yana saurayi, kuma yana da gwangwanin madara cike da tsakuwarta. Al'adarsa ce, duk buhun gahawar da zai ɗaure, sai kowa da ya yi tsinka ya jefa tsakuwa ɗaya a ciki. Masu saye sun yi ƙorafi har bakinsu ya bushe, shi dai cewa yake hannun da ya yi wahala sai ya sa shaidarsa. Lokacin da suna yara tsakuwa huɗu ake jefawa. Mama kullum sai ta tona gwangwanin ta zaɓi mai ja-ja, wai baƙaƙen na maza ne. Davou ya tafi, suka koma uku. Constance ta tafi, suka koma biyu. Da Mama ta rasu a Disambar 2013, Davou ya je biso, ya tarar da lokacin tsinka, kuma da idonsa ya ga tsohon ya jefa ɗaya tak ya ɗaure buhun.

Nan take ya kira Hajiya Sailuba.

"Hajiya, don Allah buhun nan daga wane gida ya fito?"

"Lafiya dai, Malam Davou? Wani abu ne da kayan?"

"Lafiya lau. Ki dai tambayar mini."

Da la'asar ta kira shi, muryarta ba kamar ta safe ba. Ta ce wata ƙungiyar mata ce a Barikin Ladi ke tara mata kaya. Sukan shiga tsofaffin gonaki da rana tsaka, da rakiyar 'yan banga, su tsinko abin da suka samu. "Amma wannan buhun ba su suka tsinka ba. A ɗaure suka tarar da shi, a shanye tsaf, a wani ɗakin girki da rufinsa ya rufta. Gida na ƙarshe kafin kududdufin da aka haƙi kuza. Sun ce ciyawa ta kai ƙugu a ƙofar, ba ko sawun ƙafa. Wallahi da na san haka ne da ban karɓa ba."

Gidansu ne. Davou bai ji tsoro ba, murna ce ta kama shi, irin wadda ke sa mutum kuka. Ya ɗauki mota sai Bowie. Ya tarar da Constance ta dawo daga aiki ko kayan asibiti ba ta cire ba, ya ɗora mata tsakuwar a tafin hannu.

"Ɗaya ce, Constance. Hannu ɗaya. Yana raye, yana ɓoye a wani wuri, yana zuwa yana tsinka!"

Ta kalli abin. "Yaya, mutum mai shekara tamanin da biyu? Shekara bakwai a daji, bai nemi kowa ba? Haba. Ka bar bawan Allah nan ya huta, mu ma mu huta."

"Sai na je na gani."

Ya nemi hutu wurin Alexander, ya yanki tikitin Abuja na ranar Lahadi ta sama. Kafin nan ya ci gaba da soya abin da ya rage a buhun, kilo goma sha biyu kowace safiya. Alexander ya rubuta a allo cewa gahawar tana da ɗanɗanon zuma da hayaƙi, mutane suka yi layi har waje. Davou bai kurɓi ko cokali ba. Suya ta biyu, ta uku, ta huɗu, farantin wayam, ba ko yashi. Kowace safiya sai ya ƙara samun ƙarfin gwiwa, har ya sayo wa tsohon rigar sanyi da takalmi.

Ranar Juma'a ya zazzage gindin buhun, ya kaɗe shi, ya zuba suya ta ƙarshe. Ta sake yin shirun nan, ta sake fashewa gaba ɗaya. Wannan karon bai waiwaya ba. Ya juye, ya kunna bututun, ya tsaya yana sauraron ƙwayoyin suna hawa, har suka kusa ƙarewa, har ya kai hannu zai kashe.

Ƙwal!

Ya janye hannunsa. A ransa yana roƙon Allah ya sa ƙusa ce, alhali kunnensa bai taɓa yi masa ƙarya ba. Ya jawo farantin. Kuza ce, mai ja-ja.

Ya zauna a kan buhun da babu kome a ciki. Shi da kansa ya riƙe kan akwatin Mama aka saka ta a ƙasa. Hannu biyu ne suka yi wannan tsinkar, kuma ya san inda ɗaya yake kwance shekara goma sha ɗaya da wani abu. Ya yi kuka sosai, irin wanda ya hana kansa tun 2018, injin na ta ƙugi ba wanda ya ji shi a gaban shago.

Da ya natsa ya kira Constance.

"Ki gaya wa Fasto Joel ya sa rana."

"Yaya, me ya faru?"

"Biyu ne. Ta biyun ja ce."

Yana jin numfashinta da ƙarar na'urorin asibiti a bayanta. Can ta ce, a hankali, "Ashe suna tare."

"Suna tare."

Bai sa tsakuwoyin a kwalba ba, kuma bai fasa tafiyar ba. Ranar Lahadi ya fitar da rigar sanyin da takalmin daga akwati, ya sa tsakuwa biyu a aljihun gaba, da takardar da Constance ta rubuta masa yadda za a sassaƙa sunan Baba a dutse, a gefen na Mama.