Takalman da Ba Su Daskare Ba

Da la'asar ɗin ranar Talata Noeline Urquhart ta ɗaga murfin firizar da ke gareji don ta saka takalmanta, kamar yadda take yi duk ranar da ta shiga ruwa, sai ta tarar babu wurin ko tafin hannu. Nama ne cike har baki, an ƙulla shi leda-leda. Ta danna ɗaya da yatsa, ta ji tsakiyarsa bai gama daskarewa ba. Ta tsaya riƙe da murfin, sanyi na bugun fuskarta, dogayen takalman roba na ɗiga a kan siminti.

"Lyall! Yaushe ka zuba naman nan?"

Mijinta ya leƙo daga bayan a-kori-kura da tsumma a hannu. "Jiya da yamma mana. Barewar da na ba ki labari. Ke dai ba kya jin maganata sai in na ce kifi."

"Takalmana fa? Ai suna ciki."

"Na fitar da su na ajiye a baranda. Ina kike so in sa cinya biyu, a aljihuna?"

"Ƙarfe nawa ka fitar?"

"Kina shiga wanka." Ya faɗa, sai tsumman ya tsaya a hannunsa. "Af. Na ce in naman ya kwanta zan mayar da su. Noel, na manta."

Noeline ta mayar da murfin. Ta san ta saka su ne dab da shigarta wanka, wato ko minti ashirin ba su yi a ciki ba. Jiya Litinin ta wuni da su a babban kogi. Yau kuma da su ta taka Rafin Makiyayi, tun daga inda yake zuba a tafkin madatsa har idon ruwan da yake fitowa.

Babban kogin ya daɗe da kamuwa da gansakukar nan da mutanen garinsu, Twizel, ke kira majinar dutse. Takan lulluɓe gindin kogi kamar jiƙaƙƙen bargo, ta toshe tsakuwar da kifi ke binne ƙwai a ciki. Ɗigon ruwa ɗaya a shafin takalmi ya isa ya kai ta wani rafin, in kuwa ta zauna babu mai tayar da ita. Shi ya sa a gidan Urquhart takalmi ke kwana a firiza tare da naman tunkiya, sai ya yi tauri kamar dutse, sanyi ya kashe ta. Da safe Lyall, wanda ke riga kowa tashi, ya fitar da shi ya ajiye a baranda ya narke kafin a gama shan shayi. Shekara da shekaru haka suke yi. Takalmi a baranda da safe, mai sanyi, mai danshi, ma'anarsa an gama da shi. Yau ma haka ta same shi, da sanyin raɓa a jikinsa, ta zura ƙafa ba ta tambayi kowa ba.

Noeline 'yar shekara sittin da ɗaya ce. Tana da shekara bakwai aka kawo ta garin, lokacin da mahaifinta ya samu aikin tuƙa katafila wajen haƙa magudanan da ke kai ruwa ga injinan lantarki. An gina garin ne don ma'aikata, da nufin a kwashe gidajen in an gama, sai mutane suka ƙi tashi. Ita ma ba ta tashi ba. Ta yi wa masu askin tumaki girki, a nan ta haɗu da Lyall, ta yi sharar makaranta, ta yi shekara goma sha biyu a bayan kanta a shagon kayan gini. Mahaifinta kan ce kafin su juya kogin ya ga jajayen kifi cike da wani rafi har ba a ganin ƙasa, kuma da hannunsa ya tura ƙasar da ta tare musu hanya. Yakan faɗe shi ne in ya sha giya, don haka ba kowa ya ɗauka ba. Su kifin salmon ɗin nan kakanninsu daga Kanada aka kawo, kuma tun da suka zo ba su san teku ba: a tafki suke girma, su hau rafi a ƙarshen bazara su yi ƙwai, su mutu. Bayan an gama madatsun kowa ya ce sun ƙare.

Shekara goma sha tara ke nan da ta je neman karenta a Rafin Makiyayi ta ga kifin nan guda bakwai, jajaye da koren kai, sun jeru a ƙarƙashin wata gaɓa da shanu suka tattake. Mahaifin nata ya rasu da wata biyar a lokacin. Ta zauna a kan ciyawa ta daɗe, kare na lasar hannunta.

Abin da ya biyo baya ba shi da wani armashi. Ta yi ta sintiri gidan mai gonar har ya gaji ya yarda a kange wa shanu bakin rafin, ita da Lyall suka kafa turakan a hutun Kirsimeti biyu. Takan shiga da manjagara ta wanke tsakuwa daga laka, taku ɗaya bayan ɗaya, ruwan na cizon ƙashi. Ta rubuta wasiƙa goma sha huɗu kafin a cire wani tsohon kwalbati da kifi ke kasa wucewa. Shekara ta biyu ta ƙirga huɗu. Ta uku ba ta ga ko ɗaya ba, ta kwanta kwana biyu ta ce mura ce. Daga nan talatin, daga nan ɗari da wani abu. Takan sa wake a aljihun dama, kowane kifi goma ta mayar da ƙwaya ɗaya aljihun hagu. Ofishin kula da kifi ya ba ta 'yar na'urar ƙirga ta dannawa, ta ajiye ta a durowar cokula. A safiyar wannan Talatar ƙwaya casa'in da uku ta zazzage a kan teburin kicin.

Kuma duk garin babu wanda ya kai ta zafi a kan takalmi. Ta taɓa sa wani likita daga Christchurch ya koma motarsa da safa, saboda ya ce nasa ai sun bushe a rana. Yaran makaranta kan kwaikwayi muryarta: "Daga wane ruwa kake?"

Lyall ya biyo ta kicin, ya ɗora ruwan shayi ba tare da an ce ya ɗora ba. Gwiwoyinsa sun lalace tun zamanin aski, sai ya dafa kujera kafin ya zauna.

"Minti ashirin ma ai sanyi ne," in ji shi.

"Naman da ya kwana a ciki ma bai daskare ba, tsoho."

"To wa ya gan ki? Ni dai ban ga komai ba. Kare kuma ba ya magana."

"Rafin ya gan ni."

"Haba Noel. In kika faɗa, yarinyar nan ta ofishin kifi za ta sa miki kwaɗo a ƙofar rafin. Ke da kika haƙa ramin turken ƙofar."

Ta san gaskiya ya faɗa, kuma ta juya maganar a ranta fiye da yadda za ta so a sani. In ta yi shiru, ko abin ya fito nan da wata shida, za a ce wani baƙo ne mai kamun kifi da ƙugiya ya kawo. Amma ranar Asabar mutum shida za su zo ƙirga ta biyu, su fita daga Rafin Makiyayi su wuce wasu ƙananan rafuka biyu ba tare da sun wanke komai ba, don kowa ya san rafin Noeline tsab yake. Ta dubi waken da ke kan tebur. Shayin ya huce ba ta sha ba. Ta ɗauki waya.

Awhina ce ta zo washegari da safe, jami'ar da ofis ya turo wata huɗu da suka wuce, fitowarta ke nan daga jami'a. Ta tarar da Noeline a bakin shinge da takalman gida a ƙafarta.

"Anti, ki sake gaya mini daga farko, a hankali. Sai na rubuta."

"Rubuta: tsohuwa ta saka takalmi, tsoho ya fitar, tsohuwa ta taka rafi. In akwai wurin sa hannu in sa."

"Ba haka nake nufi ba, Anti."

"Na sani, 'yar nan. Yi aikinki."

Awhina ta buɗe akwatinta ta fitar da raga mai kama da safa da kwalabe uku. Sau biyu murfin kwalba yana faɗa mata cikin ciyawa. Noeline ce ta nuna mata inda za ta tsaya, daga bakin shinge, da baki kawai: ƙasa da wancan dutsen, a'a, kada ki taka wurin da tsakuwa ta yi haske, gidan ƙwai ne. Awhina ta riƙe ragar a ruwa tana duban agogo. Jajayen kifin suka watse, suka dawo suka jeru a bayan ƙafarta kamar ba ta nan.

Da ta fito ta ce, "A makaranta an koya mana gansakukar ba ta cika son ruwan da ke fitowa daga ƙasa ba. Akwai rafukan da ta shiga ba ta zauna ba."

"Akwai kuma waɗanda ta zauna?"

Awhina ta sunkuyar da kai tana ɗaure kwalba. "Akwai."

"To."

"Wannan gwajin ma ko ya fito babu, ba a gama ba. Kwana ɗaya ya yi kaɗan. Sai na dawo bayan sati huɗu na sake ɗiba." Ta rufe akwatinta. "Kuma Anti, an ce in rufe rafin. Kowa da kowa. Har ke."

"Kwaɗon yana ina?"

Yana aljihun Awhina. Ta fitar da shi, ta tsaya tana juya shi, idonta ya cika. Noeline ta karɓa, ta zagaya sarƙar a turken da kanta, don ta san ƙofar sai an ɗaga ta da gwiwa kafin ta zauna daidai. Ta datse, ta miƙa mata makullin.

"Goge fuskarki kafin ki shiga gari. Za su ce na zage ki."

Kafin azahar labari ya gama Twizel. A shagon burodi wani mai gyaran famfo ya ɗaga murya ya ce, "Noeline, daga wane ruwa kike?" Mutane biyu suka yi dariya, sauran suka dubi ƙasa. Ta ce, "Daga wanda ka kasa gyara mini tun bara," ta ɗauki burodinta ta fita. A mota ta zauna kusan rabin awa ba ta kunna ba. Ba kuka ta yi ba. Gajiya ce kawai, irin wadda ba ta taɓa ji ba ko a shekarun manjagara, kamar duk sanyin da ta sha a ruwan nan ya taru ya sauko mata a kafaɗa lokaci ɗaya.

Da ta koma gida ta tarar da a-kori-kura babu. Lyall ya dawo can da yamma yana ɗingishi. Ya bi maƙwabta gida-gida ya rarraba barewar, har cinyoyin biyu. Firiza ta zama fayau, babu komai a ciki sai takalman a tsaye da ledar wake ɗanye.

"Wa ya ce ka ba da naman?"

"Ba ya mini daɗi."

"Ko ɗanɗana shi ba ka yi ba."

"Na san ba zai yi ba."

Ta soya musu ƙwai da dankali, suka ci. Ba ta yi masa faɗa ba, ba ta kuma ce masa ya wuce ba, don ba ta san ko ya wuce ɗin ba. Shekara talatin da takwas suna tare, ya san kada ya tambaya.

Yanzu kullum da safe takan tuƙa zuwa kan tudun da ke kallon rafin, ta tsaya a wajen shinge. Daga can ba a iya ƙirga. Lokacinsu ya yi, kifin sun fara mutuwa kamar kowace shekara, jan ya koɗe ya zama fari-fari, shaho na sauka yana ɗauka. Ƙwan suna ƙarƙashin tsakuwa, ba za su fito ba sai sanyi ya wuce. Takan ƙura wa duwatsun ido tana neman launin ƙasa-ƙasa, alhali ta san ko yana nan ido ba zai gan shi yanzu ba. Waken casa'in da uku yana cikin kofi a kan taga, ba ta mayar da shi cikin gwangwani ba.

An aika kwalaben ɗakin gwaje-gwaje tun ranar Laraba, aka ce kwana goma. Awhina kan buga waya kowace yamma ta ce babu labari, Noeline ta ce ta daina ɓata wa kanta lokaci, washegari ta sake bugowa. Yau kwana goma sha biyu ke nan. Sakamakon bai zo ba.