Shekarar da Baba Ya Binne Sauran Irinmu

Mahaifina mutumin binne ne. A ƙauyenmu Karare, binne shi ne ka shuka gero a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, ka bar shi ya jira. In ruwan farko ya zo da ƙarfi, ka riga kowa. In yayyafi ne ya ɗauke, iri ya tsira ya ƙone.

Irin namu kuwa ba na kasuwa ba ne. Gero ne mai doguwar zangarniya da kakanmu ya bari, kowace kaka Baba ya zaɓi masu kyau ya ɗaure daban. Damina biyu a jere ta yi mana wasa da hankali, har abin da ya rage bai wuce ƙwarya guda ba.

Lokacin ina koyarwa a Safana, ran Juma'a in hau babur in zo gida. Ga ni da baki, abin da na ji ba ya kwana a cikina. Na ji a rediyo ana maganar hayaƙin da ke ɗumama duniya, an raba shi kan kowane mutum a ƙasarsa. Na tarar da Baba yana gyara ƙotar sungumi, na zauna na zazzage masa: rabon Ba'amurke ya ɗan ragu amma har yanzu yana can sama, na mutanen Turai yana sauka, na mutumin Sin ya yi ta hawa, namu kuwa yana ƙasa inda yake tun da.

"To Malam," in ji shi, don haka yake kirana in zai yi mini ba'a, "ni ina nawa rabon?"

"Baba, naka ai bai kai a faɗa ba."

"To me ya haɗa ni da su?"

"Sama ɗaya ce. Shi ya sa ruwa ya daina zuwa kan lokacinsa. Don Allah bana a bar binnen nan, a jira ƙasa ta jiƙu."

Ya nuna mini gawon bakin gona, wanda kan zubar da ganye in damina ta kusa. Ya yi fayau. Baba ya ce gawo bai taɓa yi wa ubansa ƙarya ba.

Da na yi shiru, wataƙila da ya raba irin biyu. Amma sai na ce, "Ai gawon ba ya jin rediyo." A gaban ƙannensa da ke zaune a wurin na faɗa, har ɗaya ya yi dariya. Washegari Baba ya binne irin ƙwaryar duka.

Ran Talata aka yi ruwa, daidai wanda zai ta da iri. Da na dawo, gona ta yi kore shar, ni kuma sai duban sama nake. Daga nan sama ta rufe bakinta. Kullum da la'asar hadari ya haɗu a gabas, ya yi baƙi, iska ta taso ta watsa shi. Aka fita roƙon ruwa. Tsiron ya fara nannaɗewa da rana yana warwarewa da safe, daga baya ya daina warwarewa. Sati uku ina zuwa, ba na iya haɗa ido da Baba.

A na huɗu na same shi tsugune a tsakiyar gona. Ya tona da yatsa har ƙasa, babu laima. Ya murje tsiro ɗaya, ya zama gari a tafin hannunsa.

A gida ya ɗauko ƙwaryar irin ya miƙo mini, ba komai a ciki.

"Malam, ka ce kowa da rabonsa. Mai babban rabon nan, shi ma yau haka ƙwaryarsa take?"

Na karɓi ƙwaryar, na kife ta a gefe.

Da ruwa ya dawo, irin kasuwar Batsari muka shuka, kuma ya yi daidai gwargwado. Ran girbi na tsaya ina jiran Baba ya fara zaɓen zangarniya kamar kullum. Ya dubi tarin geron, ya ce a ɗaure duka a kai rumbu.