Jifan da na koya ta bayan waya

Shekarun baya, lokacin ina gyaran wutar lantarki a wani kamfanin gine-gine a Riyadh, wata Juma'a da la'asar na bi ta bayan sito-siton Sulay, sai na hangi wani dogon baƙin mutum tsaye a tsakiyar fili. Ya ɗaga ƙafa ɗaya kamar zalɓe, ya saki wata farar ƙwallo. Ban ga tafiyarta ba, ƙararta kawai na ji a hannun mai cafewa. Bature mai riƙe da kulki ya kai duka, ya daki iska. Sai dogon nan ya ce, da Hausa tsantsa, "Sannu da ƙoƙari, maigida."

Haka na haɗu da abokina, haka kuma na san besbol. Direban tirela ne a kamfaninmu. Ya ce hannun nan a gonar mahaifinsa ya same shi, wajen korar tsuntsaye da hoge.

Ni kuwa a lokacin littattafan soyayya sun gama da ni. Duk wanda zai zo daga Kano sai na roƙe shi ya taho min da sababbi. Ina ganin filin nan na ga kaina a babi na ƙarshe, ana ɗaga ni sama. Na shiga ƙungiyar kamfaninmu, aka ba ni hula da benci. Wasan na mutum tara ne, ni ne na goma. Wannan bai hana ni aika wa budurwata kaset ina ba ta labarin bajintata ba. Abokina ya ji ina ɗauka, daga ranar ya raɗa min suna Jarumi.

Muna ta cin ƙungiyoyin wasu kamfanoni a gasa, duk albarkacin hannunsa. Abin da ban tambayi kaina ba shi ne yadda mutum zai kwana a hanyar Dammam da kaya, ya sauko daga mota ya yi jifa har magariba bai yi hamma ba.

Wata rana ana cikin wasa hannunsa ya kama rawa, ya jefi wani a kafaɗa, ya hau alƙalin wasa da faɗa, sannan ya zube. Likitan gasar, wanda shi ma ɗan gida ne, ya cire masa hula don ya sha iska, sai ƙwayoyi suka zubo. Irin waɗanda direbobi ke sha don korar barci.

Kwamitin gasa ya dakatar da shi har ƙarshen kakar wasa, ko cikin fili kada ya taka. Sun yi masa sutura, ba su kai maganar waje ba. Amma likita ya ja mu gefe ya ce, "Ku saurare ni. In kuka janye daga gasar nan, mudir, manajan kamfaninku, zai tambayi dalili. Daga mudir sai kafil, ubangidan da ya tsaya masa ya shigo ƙasar, daga kafil sai 'yan sanda. Kun san ƙasar nan. Ba iƙama, takardar izinin zama, kaɗai zai rasa ba, sai ya yi zaman kurkuku kafin a sa shi a jirgi. Magani nawa ne, fili naku ne."

Kyaftin ɗinmu, wani ɗan Filifin, ya dube ni ya ce, "Sadik, ɗan'uwanka ne. Kai za ka yi jifa. Yalla."

A littattafan da na karanta, nan ne jarumi yake ba kowa mamaki. Na ba su kuwa. Ƙwallona ta farko bayan alƙali ta faɗa. Aka yi mana cin da har abokan hamayya suka fara tausayinmu. Mutum biyu suka ce sun gaji da abin kunya, za su bari. Na bi su har ɗakunansu ina roƙo, na gyara wa ɗaya na'urar sanyaya ɗaki kyauta, suka dawo.

Abokina kuwa yana cikin nasa yaƙin. Ya rame, ga barci, ga saurin fushi. Na same shi kwance ya juya wa ƙofa baya, na ce, "Yaya, tashi ka koya min."

"Ka bar ni, Jarumi. Kai ko kaza ba za ka iya jifa ba."

"To ka zo ka gani da idonka, ka samu na dariya."

Ya taso. Ƙwallayen ƙungiya ba su da yawa, sai ya riƙa biyawa kasuwar Aziziya yana kwaso mana lemon da ya fara lalacewa. Ya rataye tsohuwar taya a bango, ina jifa yana zagi. "Kai, wa ya ce ka rufe ido? Budurwar taka kake hangowa? Buɗe ido, tsuntsu ba ya jiran mai mafarki!" Bangon nan har ƙudaje suka san shi.

Duk Juma'a muna fita mu tara cif, a cinye mu, mu dawo. Shi kuma yana tsaye bayan wayar da aka kewaye filin da ita, yatsunsa a cikin raga, yana min ihu da Hausa. A hankali na lura hannun da ke riƙe da wayar ya daina rawa.

A wasan ƙarshe ma an cinye mu. Amma akwai wani ƙato da na jefa wa ƙwallo ya daki iska har alƙali ya sallame shi. Abokina ya yi tsalle kamar mun ɗauki kofi. Mudir ya zo rabon lemon kwalba, ya ce, "Ina dogon nan naku?" Kyaftin ya ce, "Yana hutawa, mudir." Ya gyaɗa kai ya wuce. Shi ke nan.

Har yau in na tuna, ba kunyar cin da aka yi mana nake ji ba. Littattafai sun koya min cewa jarumi shi ne mai nasara. Filin Sulay ya koya min cewa wani lokacin aikin jarumi shi ne ya ɗaura takalmi ya fita, ya san sarai za a cinye shi, don kada a tambayi inda ɗan'uwansa yake.

Abokina ya ƙarasa kwantiraginsa, ya koma gida da akwatinsa da mutuncinsa. Bai sake taɓa ƙwaya ba, goro ne abokin hirarsa. Da na kai masa ziyara bayan shekaru, na same shi a gonar shinkafarsa, gemu fari fat, jikoki kewaye da shi. Tsuntsaye suka sauka, ya miƙo min hoge. Na jefa, ko ɗaya bai tashi ba.

Ya juya wajen jikokin ya ce, "Ku gaida kakanku. Bai iya jifa ba, amma shi ya dawo muku da ni."