Abin Hannu Cikin Takaba

A saman bene na yi takabata, a unguwar Cheras a ƙasar waje, cikin gidan hayar da maigidana ya kama mana da ya zo karatun digirinsa na uku. Zazzaɓin sauro irin na ƙasar nan ne ya kwantar da shi, kafin mu farga Allah ya karɓi abinsa. A nan aka binne shi. 'Yan'uwansa ɗalibai ne suka kai shi, ni dai hoton jar ƙasa aka nuna mini a waya.

Malamin da na tambaya ya ce in zauna inda rasuwar ta same ni. Takardun tafiyata kuma suna hannun makaranta, tunda zamana a ƙasar a jingine yake da karatunsa. Ko na so fita ba inda zan nufa. In yara sun tafi makaranta sai gidan ya yi tsit, ba abin da nake ji sai kukan jirgin ƙasa in ya wuce ta saman titi, sai ruwan la'asar da yake dukan taga kusan kullum. Na san duk wani tabo da ke jikin bangon falon nan.

Wata rana ina goge kanta na ci karo da wani kofin shayi, a ciki ga 'ya'yan carbinsa. Tun kafin ya kwanta ya tsinke masa, ya tattara ya ce sai ya kammala rubutunsa zai shirya shi. Na itace ne, sun yi baƙi da sheƙi saboda shafar yatsunsa. Yara sun yi wasa da wasu sun ɓatar, abin da ya rage bai isa carbi ba. Na zauna da kofin a cinyata ina tunanin ranar da zan bar garin nan, in bar shi a ƙasar da ba lalle in sake tako ta ba. Sai raina ya ba ni in mayar da su abin hannu, in riƙa jin su a fatata.

Ban taɓa su ba sai da na kira yayansa, domin kayan magada ne. Ya ce a sa su cikin tumunina.

Maƙwabciyarmu Bakatsiniya ce, mijinta ma karatu yake yi. Ta girme ni, Yaya nake ce mata. Ita ke yi mini cefane, ranar da na kasa girki ta yi mana tapau, a ƙunso mana abinci daga shagon ƙasa. Ita na aika titin 'yan kasuwa da ake kira Jalan Tuanku Abdul Rahman ta sayo mini zare mai ƙarfi da 'yar ƙugiya da ƙananan duwatsun azurfa. Ba ta tambaye ni na mene ne ba.

Aikin ya fi yadda na zata. Hudar itacen ta yi wa allura kaɗan, sai na riƙa goga bakin zaren a jikin kyandir har ya yi tauri. Tsakanin kowane ɗa da ɗan'uwansa na ƙulla ƙulli, don ko ya sake tsinkewa kada ya watse. In ƙullin bai zauna daidai ba in warware da tsinken sakace. Bayan walaha nake zama a kan dadduma in yi ta yi, kowane ɗa na zura in nema masa gafara. A lokacin nan kaɗai bangon yake ɗan ja da baya.

Da na zo ƙarshe sai awo ya rage, in san inda zan yanke zaren. Na naɗa shi a wuyan hannuna. Wallahi da niyyar awo na ɗora, amma da na ji sanyin itacen sai na kasa saukewa. A haka Yaya ta yi sallama ta shigo da leda a hannu.

Ta dubi hannuna, ta ajiye ledar.

"Cire."

"Awo nake yi, Yaya."

"Awo har da lumshe ido?"

Na ce ai carbi ne, ba ado ba.

"Carbi da azurfa da ƙugiya? Ki gaya wa wanda bai je sayo su ba. Ke da ko kwalli kin haƙura da shi, sai yanzu?"

Na san gaskiyarta ce. Na kwance, hawaye yana zuba a kan zaren. Ta zauna kusa da ni ta kama hannuna tana jujjuyawa.

"Dubi yadda kika koma, kamar sillen kara. In kika yanke a kan wannan, randa kika mayar da jikinki ba zai shige ki ba. Kawo nan."

Ta miƙo nata. Na ce ai nata taɓarya ce. Ta ce taɓaryar da ke ɗauko mini shinkafa har saman bene, in iya bakina. A hannunta muka auna, muka rage faɗin yatsa biyu, na yanke, na ɗaura ƙugiyar.

Ina shirin ajiye shi ta sa hannu ta karɓe.

"A wurina zai zauna har ki fita. Na san ki. Ina juya baya za ki mayar."

Ban musa ba, domin abin da na ƙudurta ke nan. Na roƙe ta dai ta riƙa zuwa da shi in ta shigo. Ta ce boleh, kamar yadda mutanen nan suke cewa in sun yarda, amma a hannunta.

Da ƙyar ƙugiyar take kamawa, har shata take yi mata. Duk da haka kullum da la'asar sai ta shigo da shi, ta zauna ta miƙo mini hannu. In riƙe, in bi 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya da yatsana ina yi masa addu'a, ita kuma tana mitar in yi sauri, ta bar miya a wuta.