Ranar da Na Tumɓuke Dashen Gwamnati

Ko zan manta abin da na ci jiya, abin da ya faru a gonarmu ta Mungadi ba zai taɓa fita raina ba. Lokacin ba a daɗe da yanke Kebbi daga Sakkwato ba, maigidana ya rasu ya bar ni da marayu da gonar albasa guda a bakin fadama. Ita ce cinmu, ita ce suturarmu.

Wata safiya da damina na je gonar, sai na iske ma'aikatan gandun daji sun jera dashen dogonyaro a gefenta da gefen gonakin maƙwabta. Raina ya ɓaci ƙwarai. A wurinmu, wanda hannunsa ya dasa itace shi ke da ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Shi ya sa in aron gona aka ba ka, shuka geronka, amma ko zogale ba ka isa ka dasa ba.

Babban ma'aikatan ya ce, "Inna, hamada muke tarewa, alheri muka kawo muku."

Na ce, "Alherin da babu ko sallama? Wa kunka tambaya?" Ni kuwa dama ba a san ni da sanyin baki ba. Na duƙa na tumɓuke guda a gabansa.

Ƙanin maigidana ya sheƙo yana haki, wai in rufa musu asiri, ba a ja da gwamnati. Na ce to shi ya rufa wa marayun yayansa.

Muka ɗunguma wurin mai gari. Ma'aikacin ya rantse ba su da niyyar karɓe gonar kowa, kuma na ga alamar gaskiya yake faɗa. Na ce, "Ɗana, kai ba ka so, na yarda. Wanda zai gaji kujerarka fa?" Na juya ga mai gari na ce, "Ranka ya daɗe, itace muna so, mu ma iska na cinye muna ƙasa. Amma a bari hannunmu ya dasa."

Mai gari ya dubi ma'aikacin. Mutumin ya ce, "A yi hakan."

Da la'asar kowane mai gona ya fito. Muka bi dashen nan ɗaya bayan ɗaya, a cire shi, mai gona ya mayar da shi da hannunsa cikin ramin da aka ciro shi, dattawa na tsaye suna shaida. Ma'aikatan suna ta dariya, wai aikin banza. Har ƙanin maigidana na gani tsugune yana danna ƙasa, ya ƙi yarda mu haɗa ido.

Itatuwan sun girma, don mun yi musu ban ruwa kamar albasarmu. 'Ya'yana ke noma gonar yau, ba wanda ya taɓa ce musu tak. Abin da na koya ke nan: in an kawo maka alheri a ƙasarka, karɓa, amma kada ka yarda a dasa shi da hannun wani.