Baba Lasifika, Manajan Da Ya Koyi Magana Da Hannu

Bakwai saura kwata ta yi masa a bakin ƙofar masana'antar kujeru. Ya buɗe kwaɗo, ya bi injinan yankan katako ɗaya bayan ɗaya yana duba haƙoran zarto, sannan ya tsaya yana jiran ma'aikata. Haka yake yi kullum, shekara talatin da ɗaya, har makon jiya da ya yi ritaya. Baba Lasifika muke ce masa, domin in ya ce "Ina kwana", mai shagon ƙarshen layi ma sai ya amsa.

Da wannan murya ya riƙe ma'aikata shekara ashirin, kuma ya ɗauka shugabancin ke nan. Sai aka ɗauki Dogo, kafinta kurma mai 'ya'ya uku, wanda hannunsa ya san katako kamar tare aka haife su.

Wata rana wata makaranta ta ba da aikin benci arba'in, daga baya ta ce a ƙara tsayin ƙafafun da inci biyu. Baba ya leƙa ɗakin inji, ya kwarara sanarwa, kowa ya gyaɗa kai. Dogo yana duƙe, bai gani ba. Kafin azahar ya yanke ƙafafun duka a tsohon awo.

Mai masana'anta ya zo yana huci. "A sallame shi yau! Ni ba gidan marayu na buɗe ba."

"Ranka ya daɗe," in ji Baba, a karon farko da muka ji muryarsa ƙasa-ƙasa, "in korar za a yi, da ni za a fara. Mutumin da ke ji da ido na yi wa magana da baki. Ba ni wata uku."

"In aka sake ɓarna fa?"

"Sai mu fita tare, ni da shi."

Ranar Asabar sai ga Baba, dattijo mai shekara hamsin da huɗu, a makarantar kurame yana koyon maganar hannu, zaune cikin iyayen yara, yana lanƙwasa yatsun da suka ƙage. A gida kuma ya tasa madubi gaba. Matarsa ta ce, "Malam, yau da aljanu ake hira? Oh ni, ashe zan ga ranar da gidan nan zai yi shiru!"

Ana cikin haka ya tambaye mu, tsakani da Allah, nawa muke ji cikin maganarsa in injina na aiki. Mai fenti ya sosa ƙeya ya ce, "Rabi, Baba. Sauran gyaɗa kai ne, don kada ka maimaita." Muka tuntsire da dariya, shi kuwa bai yi ba. Washegari ya kafa allo a bango, duk awon da ya canza a rubuta. Ya sa Dogo ya zama malaminmu, minti goma kowace safiya: tsaya, ƙara, rage, kashe inji.

Kai, jama'a! Wata uku suka cika, ko ƙafar kujera ɗaya ba ta lalace ba. Ranar da rigar wani ta kusa shiga bakin zarto, daga can ƙarshen ɗaki aka ɗaga hannu, inji ya mutu nan take. Ihu ba zai kai ba.

Baba, kai ne babban da bai ji kunyar komawa benci ba. Daga nan ba ka sake zama ba: ka je kwas na kiyaye haɗari, ka koyi zanen kujera a kwamfuta wurin 'yar cikinka, tana yi maka faɗa kana cewa "To, Malama." Kullum maganarka ita ce, wanda ke wasa zarto kowane mako ai bai kamata ya bar kansa ya dakushe ba.

Ranar bankwana Dogo, wanda yanzu shi ne shugaban ɗakin inji, ya miƙe ya yi mana alamar mu jinjina wa Baba. Ba mu tafa ba. Mu talatin muka ɗaga hannuwa sama muna kaɗawa, irin tafin da ya koya mana. Lasifika ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Sai ya yi godiya da hannu, kuma kowa ya ji.

Mun gode, Baba, Allah ya sa ka huta lafiya. Ku kuma masu riƙe da ma'aikata, gobe in kun yi magana an gyaɗa muku kai, ku daure ku tambaya nawa aka ji.