Tsohon da Ya Ja Kunyoyi a Arlit

Shekarar da aka rufe ramin ma'adinin da nake wa aiki, gidan kamfani ma ya tafi tare da aikin. Na tura matata da yara wurin danginta a Tawa, ni kuma na koma kwana a shagon wani abokina mai facin taya, har warin roba ya kama mini tufafi. Daga can na faɗa lambun haɗin gwiwa da ke bayan gari.

Wasu masu hali ne suka haƙa rijiya, suka sa inji, suka ja shinge. Duk wanda ba shi da wurin kwana akan yanka masa fili, a ba shi fartanya da iri, da rumfar tabarma a gefen filin. Rumfar nan ita ce komai, don ganyen salati bai taɓa tare wa kowa rana ba. Amma akwai doka: in kwana arba'in suka cika filinka bai yi kore ba, za a karɓe fili da rumfa a ba na bayanka. Masu jira suna da yawa, duk mako kamiyo, wato babbar motar kaya, na sauke mutanen da aka koro daga Aljeriya ta Assamakka.

A irin wannan kamiyo wani tsoho ya zo. Mutumin wajen Matamaye ne, dogo, busasshe, da takalmi wari biyu da ba su san juna ba. Ya yi makonni yana kwana a bakin tasha kafin layi ya zo kansa, aka ba shi filin da ke manne da nawa. Ranar da ya kama fartanya na san manomi ne. Kafin azahar ya ja kunyoyi goma sha biyu, miƙaƙƙu, kai ka ce da igiya ya auna. Ya bi kansu yana saran rami, yana jefa wake da kuɓewa, yana rufewa da diddige, kamar yadda ake yi a ƙasar da ruwa ke zuwa daga sama.

To, a Arlit wane sama? Nan ruwa ta tiyo yake zuwa, sau ɗaya a kwana uku, in rabonka ya zagayo. Shi ya sa muke yin fangali, wato ƙananan gurabe masu ɗan zurfi da baki kewaye, ruwa ya shiga ya kwanta a kan iri. In ka ɗaga ƙasa ka shuka a bisa, ruwa zai bi kwari ya wuce abinsa, rana kuma ta jawo gishirin ƙasa ta tara shi daidai inda irinka yake. Babu wanda bai san wannan ba a lambun. Mu da muka fito daga rami ma, waɗanda ba mu taɓa shuka ko barkono ba, cikin kwana biyu mutanen duwatsun Ayar da ke lambun suka koya mana.

Shi kuwa, kallo aka yi ta zuwa yi. Mutum ya ajiye aikinsa ya tako har bakin filin, ya ce sannu da aiki Baba, ya koma ana ƙyafta ido. Wani ya ce a bar shi, ƙila ya zo da damina a aljihu. Na yi dariya, ba zan ɓoye ba, har da riƙe ciki.

Da yamma ta yi na je na same shi yana alwala. Na ce masa nan ba a kunyoyi, ya baje su ya yi irin namu. Bai ko ɗago ba.

"Ɗana, ina noma tun ba a haifi wanda ya yi maka aski na fari ba."

Raina ya ɓaci. Ni da na yi shekaru ina tuƙa injin da ya fi ɗakin uwarsa girma, yau mai takalmi wari da wari zai faɗa mini magana? Na ce a raina ƙasa za ta yi masa bayani, na kama gabana. Kwana arba'in muna cin tuwo kwano ɗaya, muna sallah sahu ɗaya, ina jin tarinsa ta jikin tabarma, ban sake tayar da zancen ba. Ina gani kan kunyoyin ya yi fari fat. Ina gani yana ɗibar ruwan shansa a gwangwani yana bin ramuka ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya tsiro ya yi kwana uku ya ƙone. Ya ce irin ne ba kyau, na ce to, Allah ya kyauta.

Ranar cikar wa'adi shugaban komiten lambun ya zo, mutumin da aka haifa a lambu, wanda da kallo ɗaya ya san ciwon filin tun ranar farko. Ya tsaya ya haɗa hannu a baya ya ce, "Doka ce, Baba, ba ni na yi ta ba." Har yau in na tuna tsayuwar nan sai jinina ya tafasa. Ka san doka, ba ka san ka durƙusa ka nuna wa baƙo yadda ake fangali ba? Mu talatin da wani abu, duk an taɓa korar mu daga wani wuri, duk mun san ɗanɗanon kwanan tasha, muka tsaya kallo kamar an zo awon hatsi. Na buɗe baki na ce a ƙara masa kwana goma. Aka nuna mini wata mata da goyo a bakin shinge, ita ce ta gaba a layi.

Tsohon ya wanke fartanya tas ya miƙa, ya naɗe bargonsa, ya yi wa kowa sallama da hannu. Washegari da safe ni na taya matar baje kunyoyin. Muka yanka fangali ashirin, muka gama tun rana ba ta yi zafi ba. Aikin ke nan gaba ɗaya, rabin safiya.

Bayan sati biyu na kai salati kasuwa, na gan shi a bakin tasha zaune a kan kwali. Na so in kauce, ya riga ni. Ya tambayi lambu, ya tambayi matar da ɗanta, ko rumfar ba ta yi musu kaɗan ba. Sai bakina ya kufce, don in wanke kaina, na ce ai Baba na faɗa maka.

Ya dube ni ba fushi, abin da ya fi ƙona ni ke nan.

"Ka faɗa, ɗana. Sau ɗaya. Ni ƴaƴana da na koya wa noma, babu wanda ya ji a faɗa ɗaya."

Na ajiye masa ƙullin salati biyu a kan kwalin. Ya ce in ɗauki abina in sayar, ba shi da inda zai wanke shi.